Kafin a Sayi Magani, a Auna Rigar



Muna neman afuwar iyayenmu maza da malamanmu tun daga farko, domin abin da muka ɗauko a wannan fitowa ba irin wanda aka saba karantawa a majalisa bayan la'asar ba ne. Maganar rigar mama ce, wadda wasu ke kira bireziya, mu kuma a nan zango muka fi saninta da bodis. Wanda ya ji nauyin karantawa ya miƙa wa uwargida ko 'yarsa takardar. Amma muna roƙonsa ya leƙa ƙarshenta, don akwai saƙon da muka ajiye wa maza a can.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata Hajiya, uwa ce a wurinmu, mai sayar da waakye a bakin titi. Sau uku cikin wata biyu tana zuwa kantin maganinmu, kuma kowane zuwa abu biyu take nema: man shafawa na ƙaiƙayi da ƙwayar ciwon kafaɗa. Ba ta magana sai ta ga maza sun watse daga gaban kanta. A zuwa na uku muka ce, "Mma Hajiya, yau kam ba za mu ba ki ba sai kin shigo ciki mun gani." Ta yi dariya ta ce, "'Yata, zafi ne kawai, kin san mu da wuta muke kwana." Da ƙyar ta yarda ta shigo.

Ƙarƙashin maman ya yi ja, ya saɓe, yana tsattsafar da ruwa. A kan kowace kafaɗa igiya ta haƙa rami kamar an ɗora mata guga. Rigar da ke jikinta lamba 40B ce, ragowar kayan lefen 'yarta. Muka ɗauko tef muka auna ta, sai ga shi awonta 36E ne. Ɗamarar ta yi mata yawa da lamba biyu, ƙoƙon kuma ya yi mata kaɗan, don haka duk nauyin ya koma kan kafaɗa, fata tana kwance a kan fata, gumi yana taruwa a tsakani tun asuba har azahar. Saboda ƙurajen suna yawan dawowa muka gwada mata siga, muka tarar ya hau, muka tura ta asibiti. Yanzu tana kan maganin siga, ta sauya riga, kuma ta daina sayen ƙwayar kafaɗa. Shekarunta sun haura hamsin, ta haifi 'ya'ya bakwai, ta ce mana ba a taɓa auna ta ba, ba ta ma san ana aunawa ba.

Matsayinmu a wannan magana shi ne, rigar mama kayan lafiya ce kamar takalmi da tabarau. Ba mai sayen takalmi da ka, ba mai ɗaukar tabarau na maƙwabci ya ce ai duk gilashi ne. Ita kaɗai ce muke sawa awa goma sha biyu ko fiye a rana ba tare da mun san lambarmu ba, kuma kunyar da ta hana mu tambaya ita ce dai take hana mu faɗin abin da ya fi ƙaiƙayi tsanani.

Abin da muke gani a bayan kanta

Ba mu ce kowane ciwon baya ko na wuya daga riga yake ba. Mace mai ɗaukar kaya a ka, mai sunkuyo a kan tukunya, mai goyo, tana da dalilai da yawa na jin ciwo. Amma in ɗamara ta saki, igiyoyi ne ke ɗaukar nauyin, su ja kafaɗa ƙasa, wuya ya ƙage, wata ma har kai ya riƙa sara mata da yamma. Sai ta zo ta ce a ba ta diclofenac ko ibuprofen, ta sha yau, ta sha gobe, ta shekara tana sha. Waɗannan ƙwayoyi suna da amfani in an sha su na 'yan kwanaki, amma in aka daɗe a kansu suna cin ciki har ya yi gyambo, suna wahalar da ƙoda, suna kuma ƙara hawan jini, wanda dama ya yi mana yawa a zango. Mai ciki ma bai kamata ta sha su ba sai da izinin likita, musamman a watannin ƙarshe. Abin takaici ne a ce mace ta lalata ƙodarta a kan ciwon da gyaran igiya zai rage.

Na biyu shi ne ƙurajen ƙarƙashin mama. Iskar Akara mai laima ce, ga hijabi a kan riga, ga rigar roba mai soso da ba ta shan gumi. Inda fata ta haɗu da fata aka samu ɗumi da danshi, nan ƙwayar fangas take yaɗuwa. Maganinta mai sauƙi ne: a wanke wurin, a tsane shi sosai da tsumma mai tsabta, a shafa clotrimazole ko miconazole sau biyu a rana na mako biyu zuwa huɗu, kada a tsaya don an ga ya lafa. Amma abin da yawancinmu ke nema shi ne man nan mai haɗi uku, wanda ke ɗauke da sitiroyid irin su betamethasone ko clobetasol. Yana kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu, shi ya sa ake son sa. Sai dai yana sa fata ta yi siriri, ta tsattsage, fangas ɗin kuma ya dawo da ƙarfi da zarar an daina. Fatar wurin dama mai laushi ce, ta fi ta hannu saurin shan magani. Idan ƙurajen sun dawo sau biyu ko uku, a gwada siga, kamar yadda muka yi wa Hajiya. Wadda kuma take samun ƙaiƙayi daidai inda ƙugiya ko zoben igiya ke taɓa ta, wataƙila jikinta ne ba ya shiri da ƙarfen, sai ta nemi mai zoben roba ko ta sa a lulluɓe ƙarfen da ƙyalle.

Yadda aka yi muke sa abin da ba namu ba

Yawancinmu rigar mama ta farko da muka mallaka da yawa daga akwatin lefe ta fito. Dangin ango su shiga Makola ko kasuwar Nima, su sayo dozin guda ko biyu, alhali wasunsu sau ɗaya suka taɓa ganin yarinyar, ita ma cikin hijabi. Awon takalmi ana aikowa a tambaya, awon zobe ma haka, amma wannan sai a ce da kunya, a ƙiyasta. Amarya ta tare da riguna ashirin, uku ne suka yi mata daidai. Sauran ta riƙa sawa a haka don kada a ce ta raina kaya, ko ta rarraba wa ƙanne da iyaye, su ma su sa a haka. Bayan shekara ta haihu, jiki ya sauya, amma rigunan lefe suna nan, su za a ci gaba da sawa har su mutu.

Hanya ta biyu ita ce gwanjo. Tun shekarar 1994 dokar Gana ta hana shigo da kayan ciki da aka riga aka sa, kuma hukuma ta ce daga 2011 za ta fara tsananta aiki da dokar, amma duk wanda ya ratsa Kantamanto ya san ana samu. Ba za mu zargi mai saye ba, domin sau da yawa ta gwanjon ta fi sabuwa mai araha kyawun ɗinki, kuma mai babban jiki takan rasa lambarta a sababbi. Wanki da sabulu da shanya a rana suna maganin datti. Abin da wanki ba ya gyarawa shi ne roba. Rigar da wata ta sa shekara biyu a Ingila robarta ta riga ta saki, lambar da ke jikinta ta zama tarihi. In za a saya, a ja ɗamarar da hannu biyu a sake ta. Idan ba ta koma da sauri ba, a bar ta.

Na uku shi ne ruɗanin lambobi, kuma wannan ya fi shafarmu saboda kayanmu daga ko'ina suke zuwa: Lome, Dubai, Turkiyya, Sin, Ingila. Lambar Ingila da Amurka da inci take tafiya: 32, 34, 36, 38, 40. Ta yawancin ƙasashen Turai da santimita: 70, 75, 80, 85, 90, a jere daidai da waɗancan. Faransa kuma tana ƙara 15 a kan ta Turai. Ke nan 34 ta Ingila ita ce 75 ta Jamus, ita ce 90 ta Faransa. Idan kika ga 90 a jikin riga, tana iya zama 40, tana iya zama 34, ya danganta da inda aka buga lambar. Haruffan ma suna rabuwa bayan D: Ingila tana cewa DD, E, F, Amurka takan ce DD, DDD, Turai kuma ta wuce E da F kai tsaye. Saboda haka a duba 'yar takardar da ke jikin rigar, yawanci akan jera lambobin ƙasashe a kai, kuma kada a yarda da lamba sai an gwada.

Yadda ake awo

Abin da ake buƙata tef ɗin tela ne da minti biyar. A tsaya a miƙe, da riga marar soso ko babu riga, hannuwa a sake.

Awo na farko a zagaya tef ɗin a ƙarƙashin mama, daidai inda ɗamara ke zama. Ya kama jiki sosai amma ba ya hana numfashi, kuma ya tafi a miƙe, kada ya hau sama ta baya. A karanta da inci. In lambar ta faɗo a mara, kamar 33 ko 35, a ɗaga ta zuwa ta gaba, 34 ko 36. Wannan ita ce lambar ɗamara.

Awo na biyu a zagaya ta inda mama ya fi cika, wannan karon a sassauta, kada a danne. Sai a cire lambar ɗamara daga wannan. Bambancin inci 1 shi ne A, 2 B, 3 C, 4 D, 5 DD, 6 E, 7 F, a lissafin Ingila. Misali, wadda ta samu 33 a ƙasa da 38 a sama, ɗamararta 34, bambanci 4, sai ta fara gwaji daga 34D.

Akwai tsohon lissafi da ke cewa a ƙara inci huɗu a kan awon ƙasa, kuma wasu 'yan kasuwa har yanzu da shi suke aiki. Ya samo asali ne tun lokacin da yadin ba ya miƙewa kamar na yanzu. Shi ne ke jefa mata da yawa cikin matsalar Hajiya, ɗamara babba, ƙoƙo ƙarami.

Wani abu da ba a cika sani ba shi ne harafin ba shi da girma ɗaya. Ƙoƙon D na 34 bai kai D na 40 ba. Ƙoƙon 34D, da na 36C, da na 38B, kusan abu ɗaya suke ɗauka. Amfanin sanin wannan shi ne, in ƙoƙo ya yi miki daidai amma ɗamara ta yi yawa, sai ki sauka lamba ɗaya ki hau harafi ɗaya, daga 38B zuwa 36C. In ɗamara ta matse, ki hau lamba ki sauka harafi. Kuma kada wata ta tsorata don an ce mata E ko F. Harafin yana faɗin tazarar da ke tsakanin awo biyu ne kawai.

Tef yana nuna inda za a fara, jiki ne ke yanke hukunci. In an sa rigar, a ɗan sunkuya gaba, a sa hannu a tattaro naman da ke gefen hammata zuwa cikin ƙoƙo, sannan a miƙe a duba waɗannan.

Ɗamara ita ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Ta zauna a miƙe, bayanta daidai da gabanta. In ta haura zuwa tsakanin kafaɗu, ta yi yawa. Yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinta, amma kada hannu duka ya shige. Sabuwar riga a fara maƙala ta a ƙugiyar waje, mafi sassauci, don in roba ta fara saki a matsa ciki. Wadda tun ranar saye sai a ƙugiyar ƙarshe take kamawa, ba za ta yi wata uku tana aiki ba.

Ƙoƙo ya rufe mama duka. In nama yana tumbatsa ta sama ko ta gefe har ya nuna a cikin riga, ya yi kaɗan. In yana tattarewa ko akwai rami, ya yi yawa. Tsakiyar rigar, wurin da ƙoƙo biyu suka haɗu, ta kwanta a kan ƙashin ƙirji. Mai waya kuma, wayar ta bi gefen mama ta zauna a kan haƙarƙari, kada ta hau kan naman. Yawancin mata ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, wannan halitta ce. A auna da babban, a ɗan rage igiyar ɗaya gefen.

Igiya ita ce ta ƙarshe da za a gyara. Yatsa biyu su shige tsakaninta da kafaɗa. In sai kin ɗaure ta tamau kafin ki ji an riƙe ki, laifin ɗamara ne. Mai nauyin jiki ta nemi igiya mai faɗi da ɗamara mai ƙugiya uku ko huɗu.

Gwajin da muka fi ba wa mata shawara a kai kowa ta iya shi. Ɗaga hannu sama, ki yi ruku'u, ki yi sujada, ki zauna kamar zaman tahiya. In ɗamara ta hau, ko wani abu ya zame, ko waya ta soke ki, ko numfashi ya yi miki wuya, to ba taki ba ce, komai kyanta.

Awo ba na har abada ba ne. A sake shi in an yi ƙiba ko an rame, in an samu ciki, bayan yaye, da lokacin da al'ada ta ɗauke. Ko ba ɗaya daga cikin waɗannan, sau ɗaya a shekara ya wadatar.

Mai shayarwa, da maganar shanya

Mai jego ta fi kowa buƙatar kulawa. Mama yana cika yana raguwa cikin yini ɗaya, kuma duk abin da ya danne shi a wuri ɗaya na iya hana nono gudana, wurin ya yi tauri, ya kumbura. A wannan lokaci a fi son riga mai laushi ta auduga, marar waya, mai buɗewa ta gaba, kuma a sauya ƙyallen da ke tare nono da zarar ya jiƙe. In wuri ya yi ja yana zafi, a ci gaba da ba jariri, domin tsayar da shayarwa yana ƙara cunkoson. In zazzaɓi ya shigo, ko kwana ɗaya ya wuce ba sauƙi, a tafi asibiti.

Sai shanya. A gidajenmu na haya, inda ɗaki goma ke raba tsakar gida ɗaya da igiya ɗaya, mace takan ji nauyin baza rigar mamanta a gaban maza da yara. Sai ta rataye ta a bayan ƙofa, ko ta cusa ta ƙarƙashin zani a kan igiya, da safe ta sa ta da sauran danshi. Ga fangas an shimfiɗa masa tabarma. Idan ba za a iya shanyawa a fili ba, a rataye ta kusa da taga ko gaban fanka, ko a rufa mata mayafi marar kauri wanda iska ke ratsawa, a bar ta ta bushe ƙarau. A wanke da hannu, kada a murɗe ta kamar tsumma, kada a zuba ruwan zafi, don yana kashe roba. Riga uku da suka dace, ana juya su, sun fi dozin da ba ta dace ba. In an dawo gida kuma, a cire a bar fata ta sha iska. Ba dole ba ne a kwana da ita.

Abin da riga ba ta jawowa, da abin da take iya tona mana

Muna yawan jin ana cewa rigar mama, musamman mai waya ko baƙa, tana kawo sankarar mama, haka ma ajiye kuɗi a ciki. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014, a kan mata fiye da 1,500 da suka daina al'ada, ya duba irin rigar da suke sawa, da awa nawa a rana, da ko tana da waya, bai samu wata alaƙa da sankara ba. Kuɗi a cikin riga ƙazanta ne, yana iya kawo ƙuraje, wannan kaɗai ya isa a daina. Haɗarin irin wannan jita-jita shi ne mace ta cire wayar rigarta ta ɗauka ta tsira, ta daina duba jikinta.

Sankarar mama ita ce ta fi kowace sankara kama mata a Gana, kuma likitocin Korle Bu da na Komfo Anokye sun daɗe suna kuka da cewa yawancin mata sai ciwon ya yi nisa suke zuwa. Mu ma a zango mun yi jana'izar waɗanda suka ɓoye har sai da wari ya tona. Wasu sun ce jifa ne, wasu sun yi ta shafe-shafe, wasu tsoron a yanke ne ya hana su. Ga inda awon riga yake da wata fa'ida da ta fi jin daɗi: mai auna kanta tana kallon jikinta, tana taɓa shi, ta san yadda yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan rigar da ta saba zama daidai ta fara matse gefe ɗaya kawai, wannan labari ne.

A je asibiti, kada a zo kantin magani neman abin shafawa, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo, domin na sankara sau da yawa ba ya ciwo da farko, fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemu, kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini ko wani ruwa yana fita ba a shayarwa, gyambo ko ƙuraje a kan nono da suka ƙi warkewa, ko ɗaya ya sauya girma ko kama. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma ba a ganewa da ido. A duba kai sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan an yi wankan tsarki, wadda ta daina al'ada kuma ta zaɓi rana ɗaya a wata. Wadda ta kai shekara 40, ko aka taɓa yin ciwon a danginta, ta tambayi likita game da hoton mamogiram. Maganin sankarar mama yana cikin abin da inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta ƙunsa, don haka a tabbata katin bai mutu ba. A watan Oktoba kuma asibitoci da ƙungiyoyi da yawa sukan duba mata kyauta.

Ga masu cewa ba haka ba

Wata dattijuwa ta ce mana, "Mu da ɗaurin ƙirji muka girma, ba mu san lamba ba, ga mu nan garau." Gaskiyarta. Babu cutar da ke kama mace don ba ta sa rigar mama ba, kuma wadda ta fi jin daɗin ɗaurin zani ko shimi ta ci gaba da abinta. Maganarmu da mai sawa ce. Zani yana bin jiki yadda aka ɗaura shi, kowace safiya ana sake masa awo. Rigar roba da ƙarfe kuwa jiki take tilasta wa ya bi ta.

Wasu za su ce kuɗi, ana fama da na koko da na makaranta. Mun sani. Amma awo ba ya cin ko pesewa ɗaya, kuma rigar da ta dace ba ta fi wadda ba ta dace ba tsada, a tebur ɗaya ake sayar da su. Ɗamarar da ta yi yawa tela na iya rage ta, wadda ta ɗan matse akwai ƙarin ƙugiya da ake maƙalawa. A lissafa abin da ke tafiya wajen man shafawa da ƙwaya a shekara, a gani.

Wasu kuma za su ce kunya. Kunya ado ce, ba mu zo mu tuɓe wa kowa ita ba. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba, har a kan haila da wanka. Jikin nan amana ne. Mace ta auna mace a bayan labule, ba abin da ya taɓa mutuncin kowa.

Abin da muke roƙo

Ga iyayenmu masu haɗa lefe: a aika mace ta tambayi awon amarya kamar yadda ake tambayar na takalmi, ko a ware kuɗin a ba ta ta saya da kanta. A rage yawa, shida masu kyau sun isa, tunda jikin zai sauya.

Ga telolinmu mata, waɗanda ke kowane lungu da tef a wuya: ku kuka fi kowa sanin jikin matan zango. Ku koyi wannan lissafi, ku riƙa rubuta wa mace lambarta a takarda ranar da ta kawo ɗinkin salla. Wadda aka yi wa aiki aka cire mata mama, kuna iya ɗinka mata aljihu a cikin ƙoƙo, a sa abu mai laushi, ta fita cikin jama'a hankalinta kwance.

Ga masu sayarwa: ku ajiye tef, ku kafa labule, ku yarda a canza in ba a cire takarda ba.

Ga iyaye mata: yarinya in ta fara girma, ke za ki fara auna ta, kafin ta koya a waya. Kada a saya mata matsattsiya don a ɓoye girman, ciwo kawai za ta sha, ta kuma koyi cewa jikinta abin ɓoyewa ne ko daga uwarta.

Ga Magajiya da shugabannin mata da malaman makarantun islamiyya na iyaye mata: a ba mu rabin awa a taronku, mu zo da tef da ma'aikaciyar jinya, a yi awo, a koyi duba kai, a gwada siga da hawan jini a zama ɗaya.

Ga kuma saƙon da muka ajiye wa maza. Alhaji, Malam, in uwargida ta ce tana son kuɗin wannan riga, kada a ɗauke shi kayan ƙawa. In ta ce ta ji wani abu a jikinta, kada a ce ta bari sai bayan salla, kada a fara da neman wanda ya yi mata jifa. A ɗauki katin inshora a raka ta asibiti a makon. Mata da yawa suna ɓoyewa ne don tsoron abin da miji zai yi in aka ce za a yi aiki. Ku gaya musu tun yanzu, suna lafiya, cewa kuna tare da su.

Duk wadda ke son a auna ta, ko take da tambayar da ba ta iya yi a gaban kanta, ta ce tana son ganin mace a ciki, za mu gane. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa zango lafiya da zaman lafiya. Amin.